Daga Gafaka Zuwa Wayar Hannu: Ina Malami Ke Ajiye Aikinsa?



Da yawa daga cikinmu a wannan zaure malaman makaranta ne, waɗanda ba malamai ba kuma da wuya a rasa malami a gidajensu. Don haka duk mun san yadda makon ƙarshe na zango yake. Takardun jarrabawa jibge a kan tabarma, jan biro ya kusa ƙarewa, hedimasta yana aiko saƙo ta WhatsApp cewa ranar Alhamis yake son sakamako, waya tana nuna saura kashi tara na caji, wuta kuwa rabon unguwa da ita tun shekaranjiya. A irin wannan dare ne wani abokin aikinmu ya ce da ma a zamanin da ya yi koyarwa, lokacin da malami bai san komai ba sai alli da allo. Muka yi dariya, amma maganar ta tsaya mana a rai. Da gaske malaman da sun fi mu hutu? Da me suke tsara aikinsu, kuma ina abin da suka tsara ya tafi? Shi ya sa muka ce bari makon nan mu bi sawun kayan aikin malami a ƙasar Hausa, tun daga allo har zuwa wayar da ke hannunmu.

Mu fara da tsangaya, don ita ce uwa. Alaramma na iya riƙe almajirai hamsin ko fiye, kuma babu biyu da suke wuri ɗaya a karatu. Wannan yana babbaƙu, wancan ya shiga farfaru, wani yana izu na goma, wani gardi ya sauke yana tilawa. Malamin boko na yau in aka ce ya koyar da darasi hamsin daban-daban a zama ɗaya, sai ya ajiye aikin. To, ta yaya alaramma yake sanin inda kowa ya tsaya, ba rajista, ba littafin maki? Amsar tana kan allon. Abin da ke rubuce a allon yaro shi ne shaidar inda ya kwana. Ba ya wankewa sai ya biya an ji ya zauna, ba ya rubuta na gaba sai ya wanke. Kowane almajiri yana yawo da rajistarsa a hammata, malam kallo ɗaya zai yi ya gane. Lokutan salla su ne ƙararrawa, hutun Alhamis da Juma'a shi ne kalanda, kuɗin Laraba kuma sun san ranarsu. Manyan almajirai suna biya wa ƙanana, wato an rarraba aikin ba tare da an rubuta sunan kowa a takarda ba.

Tsari ne mai kyau ƙwarai, amma yana da iyaka ɗaya. Allo na yau kawai yake riƙewa. Jiya an wanke ta, ta koma ƙirjin yaro ko ta bi ruwa. In kana son sanin wane ne ya yi karatu a wata tsangaya shekara ɗari da suka wuce, sai dai ka nemi tsoho ka tambaya.

A makarantun ilimi, inda ake karanta littattafai a zaure, takarda ta shigo. Jerin littattafan kansa shi ne tsarin karatu: daga Ahalari a shiga Ishmawi, a wuce Iziyya, a kai Risala, mai nisa ya kai Askari. Ɗalibi ya faɗi littafin da yake ciki, an san matsayinsa. Littattafan kuma ba a ɗinke su, warwara suke, ana haɗa su cikin tadarishi a sa a gafaka. Wannan ba rashin iya ɗinki ba ne. Malam na iya zare ganye biyar ya ba wannan ɗalibi ya kwafa, ya ba wancan biyar na gaba, littafi ɗaya yana aiki a hannu huɗu. Don kada ganyayyakin su rikice, marubuci yakan sa kalmar farko ta shafi na gaba a ƙasan shafin da ya gama. Duk wanda ya taɓa tura wa ɗalibai babi ɗaya na littafi ta waya ya san wannan dabara, sai dai su sun riga mu. Takardar ma daga nesa take zuwa. Da yawa daga cikin rubuce-rubucen ƙarni na 19 a kan takardar Italiya aka yi su, mai tambarin jinjirin wata uku, wadda fatake ke kawowa ta Tarabulus su ratso hamada da ita. Abin da ya sha wannan tafiya ba a ɓarnatar da shi, shi ya sa za ka ga gefen shafi cike da ƙananan bayanai, wasu da Larabci wasu da ajami. Shirin darasin malam ke nan, a jikin littafin da yake karantarwa.

Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya zauna ya rubuta ɗan littafi, Ida'un Nusukh, inda ya lissafa malamansa da abin da ya karanta a wurin kowannensu. Albarkacin wannan lissafi ne yau muka san irin karatun da ake yi a ƙasar nan kafin jihadi. Nana Asma'u kuwa, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta fuskanci matsalar da ta fi ta kowa: ɗalibanta mata ne a ƙauyuka, ba za su bar gidajensu su zauna a gabanta ba. Sai ta naɗa jajis, tana ba kowacce malfa alamar izini, su zo su karɓi karatu su koma su isar wa 'yan taru. Darasin kuma ta zuba shi a waƙa, don waƙa ba ta bukatar gafaka, kuma in baiti ya faɗi amsa-amo zai tona. Mu marubuta ya kamata mu tsaya a nan kaɗan. Waƙoƙin da muke nazari yau a matsayin adabi, da yawansu kayan aikin malama ne da ta ƙera don karatu ya isa inda ƙafarta ba ta zuwa. Kuma sun iso gare mu ne saboda zuriyarta a Sakkwato, gidan Waziri, sun adana takardun, har Jean Boyd da Beverly Mack suka tattara su suka buga a 1997.

Sai boko ya zo. A 1909 Hanns Vischer, wanda Kanawa suka sa wa suna Ɗan Hausa, ya buɗe makaranta a Nassarawa a Kano. Kwalejin Katsina, wadda aka kafa don horar da malamai, an yi bikin buɗe ta a 1922. Tare da waɗannan makarantu wasu baƙin kaya suka shigo hannun malami: rajistar kiran suna, jadawalin darussa a jikin bango, ƙararrawa, littafin shirin darasi, da babban littafin da hedimasta ke rubuta duk abin da ya faru a makaranta, daga zuwan baƙo har faɗuwar katanga.

In muka duba da kyau, akwai abin da ya raba waɗannan kaya da allo. Allo tsakanin malam da almajiri yake, babu na uku. Rajista kuwa don wanda ba ya nan ake cika ta. Malami ya san Audu bai zo ba, ba ya bukatar takarda ta gaya masa. Wanda ke bukata shi ne sufeto da zai zo bayan wata uku, da ofishin En'e, da ofishin ilimi a Kaduna. Daga wannan lokaci aikin malami ya rabu biyu: koyarwa, da kuma nuna shaidar cewa an koyar. Duk malamin da ya taɓa kwana yana cika shirin darasin makonni shida da suka wuce saboda an ce masu duba makarantu na tafe, ya san wanne daga cikin biyun ya fi cin dare.

Amma kada mu yi wa rajista butulci. Abin da aka rubuta don tsoron sufeto shi ne yau ya zama tarihi. Mai bincike da ya shiga gidan adana takardun tarihi na ƙasa a Kaduna, ko Arewa House, rahotannin makarantu da wasiƙun ofisoshi yake buɗewa. A wasu tsofaffin firamare, in gara ta yi sassauci, har yanzu akan sami rajistar shiga makaranta mai ɗauke da sunan kakan mutum, da sunan uban kakan, da shekarar da aka kawo shi yana kuka.

Ga kuma wani abu da ya shafe mu kai tsaye. A 1933, lokacin da Rupert East na Hukumar Talifi a Zariya ya nemi a rubuta ƙagaggun labarai da Hausar boko, wurin malamai ya fi zuwa. Abubakar Imam yana koyarwa a Midil ta Katsina ya rubuta Ruwan Bagaja. Abubakar Tafawa Ɓalewa malami ne a Bauchi, shi ya rubuta Shaihu Umar. Malam Bello Kagara, mai Ganɗoki, shi ma malami ne a Katsina. Wato ƙagaggen labarin Hausa na boko a ɗakin malamai aka yanke masa cibiya. Da aka so Imam ya rubuta littafin karatu na makarantu, me aka yi? An ɗauke shi daga aji a 1936 aka kai shi Zariya ya yi wata shida, ya fito da Magana Jari Ce, littafi uku. Alƙalaminsa irin na kowa ne, takardarsa irin ta kowa. Lokaci aka ba shi. Mu riƙe wannan, za mu bukace shi in mun zo kan waya.

Abin da ya karya tsohon tsarin takarda yawa ne. A watan Satumba na 1976 gwamnatin Obasanjo ta soja ta ƙaddamar da UPE, ilimin firamare kyauta ga kowa. An yi shirin yara kusan miliyan 2.3, sai kusan miliyan 3 suka bayyana. Aka yi aji a gindin bishiya, aka ɗebo malamai da gajeren horo, aka kafa Cibiyar Malamai ta Ƙasa, NTI, a Kaduna a shekarar don ta horar da su suna kan aiki. Kafin a farfaɗo, sai manufar ilimi ta ƙasa ta 1977 ta kawo tsarin 6-3-3-4, wanda ya fara aiki a 1982, da sharaɗin cewa ba jarrabawar ƙarshe kaɗai za ta yanke wa yaro hukunci ba, sai an riƙa auna shi a kai a kai cikin zango. Wannan shi ne abin da kowa ke kira C.A.

Niyyar mai kyau ce, amma mu yi lissafi. Aji mai yara 80, darussa 10, kowane darasi gwaji uku da jarrabawa ɗaya. Lambobi 3,200 ke nan a zango guda, kuma malamin aji zai kwashe su zuwa babbar takarda, ya tara, ya raba, ya fitar da na ɗaya har na tamanin, sannan ya sake kwafe su ɗaya bayan ɗaya cikin katin sakamako. In ya gama ya gano ya tsallake maki bakwai na yaro ɗaya, jerin gaba ɗaya ya rushe. Waɗanda suka yi wannan aiki da fitilar ƙwai, kafin ma kalkuleta ta yi araha, ba su huta ba ko kaɗan. Abokinmu mai begen zamanin da bai tambayi babansa ba ne.

Na'urar da ta yi mulki a wancan zamani ita ce tafireta da injin Gestetner. David Gestetner, mutumin Hungary da ya zauna a Landan, shi ya ƙirƙiro dabarar tun 1881. Akawun makaranta zai buga tambayoyi a kan sitansil, a ɗaura a injin, a juya da hannu, takardu na fitowa da warin tawada. In an yi kuskure sai a shafa wani jan ruwa a jira ya bushe. Malamin Hausa kuma yana da ƙarin wahala tasa shi kaɗai. Haruffa masu ƙugiya, ɓ da ɗ da ƙ, sun zauna a rubutun boko tun shekarun 1930, amma yawancin tafiretocin da ke makarantu ba su san da su ba. Sai a buga a bi da biro ana lanƙwasa kawunansu, in an manta kuma yaro ya rasa ko ƙasa ake nufi ko kasa.

Yanzu bari mu leƙa Amurka kaɗan, don a can aka haifi maganin waccan babbar takarda, kuma a cikin aji aka haife shi. A 1978 wani ɗalibi a makarantar kasuwanci ta Harvard, Dan Bricklin, yana kallon malaminsa na cika jadawalin lissafi a allo. Duk sanda lamba ɗaya ta canza sai malamin ya goge jerin lambobi ya sake lissafawa. Ɗalibin ya yi tunanin allon da zai gyara kansa. Shi da abokinsa Bob Frankston suka fitar da VisiCalc a 1979, a kan kwamfutar Apple II. Excel na Microsoft ya biyo baya a 1985. Dabarar ba ta da wuyar fahimta: kowane gida a jadawalin yana iya riƙe lamba, ko ya riƙe umarni, kamar a ce tara gidaje huɗun da ke hagunka. Ka gyara maki bakwai ɗin nan, jimla ta gyaru, matsakaici ya gyaru, na goma sha biyu ya koma na tara da kansa. A ganinmu, cikin duk abin da kwamfuta ta kawo wa malami, babu wanda ya kai wannan rage wahala ta gaskiya.

Sai dai kafin ya iso hannun malaminmu an daɗe. Gwamnatin tarayya ta fitar da manufar koyar da kwamfuta tun 1988, amma a yawancin makarantu kwamfutar, in ma akwai, tana ofishin firinsifal an lulluɓe ta da zane. A 2007 aka gwada raba wa yara ƙananan kwamfutocin nan na shirin One Laptop per Child a wata firamare a Galadima, kusa da Abuja, aka yi ta ɗaukar hoto, shirin bai yaɗu ba. Kwamfuta ba ta ƙofar aji ta shigo wa malami ba, ta shagon bakin titi ta shigo. Can yake kai tambayoyin jarrabawa a buga masa, can yake yi wa ɗalibai rajistar WAEC da JAMB bayan sun koma intanet, can yake kwaso cutar kwamfuta a filashinsa. Da JAMB ta fara jarrabawa a kan kwamfuta a 2013, ta mayar da ita dole a 2015, har makarantar da ba ta so sai da ta nemi inda yara za su taɓa linzami.

Ƙugiya ma ta biyo mu cikin kwamfuta. A shekarun 1990 Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ya samar da zubin haruffan Rabi'at, wanda ya fitar da marubuta da malaman Hausa kunya shekaru da yawa. Irin waɗannan zubi na wancan lokaci aron gurbin wasu alamomi suke yi su zauna, don haka in ka kai aikinka kwamfutar da ba ta da zubin, sai ƙugiyoyin su rikiɗe su koma wasu alamomi. Tsarin Unicode, wanda ya ba kowane harafi lambarsa ta dindindin, shi ya kashe wannan matsala, har yau muke danna k mu riƙe a waya ƙ ta fito. Duk wanda ke da tsohon rubutu a tsohon zubi, ya juya shi tun yana iya buɗewa.

Wayar salula ta shigo Najeriya a 2001, kuma ita ce ta yi abin da manufofin gwamnati suka kasa. Ba wanda ya shirya wa malamai bita a kan WhatsApp, wanda aka ƙirƙira a 2009, amma yau shi ne allon sanarwa, shi ne ɗakin taro, shi ne ma'ajiyar tsarin karatu. (Abin dariya, kalma ɗaya muke amfani da ita, manhaja, ga tsarin karatun da kuma abin da ake saukewa a waya.) Malami mai himma yana ɗaukar hoton rajista, yana shigar da maki a Excel ko Google Sheets a wayarsa, yana shirya gwajin zaɓi-ɗaya a Google Forms wanda ke duba kansa, yana sa kalanda ta tuna masa ranar miƙa tambayoyi. Wanda ya rubuta shirin darasi bana ya adana, baɗi gyara kawai zai yi. Wannan ci gaba ne, kuma duk mai musu a ba shi sitansil ya gwada.

Annobar korona ce ta auna kowa. A ƙarshen Maris na 2020 aka rufe makarantu. Masu hali suka koma Zoom da Google Classroom, wanda ke nan tun 2014 ba mu waiwaye shi ba. Amma ga yawancin yaran Arewa, abin da ya kai musu darasi shi ne rediyo, da jihohi irin su Kano da Kaduna suka riƙa sa malamai a ciki, sai kuma saƙon murya da malami ke turawa wayar uba, a jira ya dawo daga kasuwa. Murya ce ke tafiya inda malami ba ya zuwa, kamar dai zamanin jajis. 'Yan ajin ƙarshe suka koma a watan Agusta don rubuta WAEC, saura suka jira har wajen Oktoba.

To, ina lokacin da na'ura ta rage mana ya tafi? Nan ne muke komawa kan wata shidan Imam. Excel ya karɓe mana kwana uku na lissafi, WhatsApp ya zo ya cinye su. Da, in an tashi daga makaranta an tashi, sufeto sai ya hau keke ko mota kafin ya same ka. Yanzu ƙarfe goma sha ɗaya na dare za a turo fom a ce a cike kafin safiya, uban yaro zai kira yana tambayar dalilin da ɗansa ya zo na ashirin, ga zaure bakwai na makaranta ɗaya kowanne da sanarwarsa. A wasu jihohi abin ya wuce nan. Shirin EdoBEST da jihar Edo ta fara a 2018, da irinsa a Legas da Kwara, ya riƙa ba malami ƙaramar kwamfutar hannu mai ɗauke da darasin a rubuce, tana kuma nuna wa ofis lokacin da ya iso da inda ya tsaya. Masu yabon shirin suna cewa ya rage fashin malamai, kuma ya tallafi wanda horonsa bai yi ƙarfi ba. Muna jin wannan. Amma mai karanta tarihi zai gane fuskar: rajistar 1909 ce ta dawo, sai dai yanzu sufeton yana cikin aljihu. Malaman da muka ga sun ci ribar waya su ne waɗanda suka yi mata iyaka, suka ware sa'ar duba saƙo, suka kashe ƙarar zaurukan da ba dole ba, suka tara komai na zango a jaka ɗaya mai suna da shekara. Sauranmu muna ta gungura allon waya muna neman hoton jadawalin da aka turo wata biyu da suka wuce.

Akwai kuma abin da ya fi wannan damunmu, mu da muke rubutu. Takardar Italiya ta yi shekara ɗari biyu a gafaka ana karanta ta. Faifan fulofi da muka adana aiki a kai wajen 2000, yau ko injin da zai buɗe shi sai an sha nema. Tsofaffin cikinmu sun tuna zaurukan Yahoo Groups, irin su Marubuta da Finafinan Hausa, inda aka yi shekaru ana muhawara kan adabin nan namu. Kamfanin ya fara share abin da ke ciki a ƙarshen 2019, ya rufe gaba ɗaya a Disamba 2020. Abin da wani bai kwafe ya ajiye ba, ya tafi. Google yana ba kowa gurbin ajiya na gigabayit 15 kyauta, amma ya sanar cewa asusun da aka yi shekara biyu ba a taɓa ba yana iya share shi. Wato ma'ajiyar intanet ɗakin haya ce, mai gida na iya canza sharaɗi. In wani ya zo nan da shekara hamsin yana son sanin yadda aka koyar da Hausa a zamaninmu, wace rajista zai buɗe?

Wata 'yar uwarmu malama, wadda ta yarda mu ba da labarin ba tare da suna ba, an fizge mata waya a cikin adaidaita sahu ana saura mako biyu a rufe zango. A ciki akwai makin aji uku, da shirin darasin shekara uku da ta tara, da babi goma sha ɗaya na littafin da take rubutawa. Ba ta taɓa kunna ajiyar intanet ba, saboda tana tsimin data. Makin ta sake haɗa su daga takardun gwaji, da taimakon ɗalibai da suka dawo mata da nasu. Shirin darasin ta fara daga farko. Littafin kuwa, babi huɗu kawai ta samu, waɗanda ta taɓa tura wa wata ƙawarta ta duba mata.

A hutun nan ne, tana kwashe kayan ɗakin mahaifinta, wanda ya koyar a firamare tun zamanin UPE, ta ci karo da littafin shirin darasinsa a ƙasan akwati. Bangon ya cinye, amma ciki lafiya lau: kwanan wata, darasi, abin da yara suka riga suka sani, tambayoyin ƙarshe, da sa hannun hedimasta da jan biro a ƙasan kowane mako. A wani shafi ya rubuta a gefe cewa yara ba su gane ba, a sake ranar Litinin.

Ta sayi wata wayar, kuma ba ta daina aiki da Excel ba, don ta ce ba za ta koma tara lambobi 3,200 da ka ba. Ajiyar intanet yanzu a kunne take. Amma duk ƙarshen zango takan je shagon kwamfuta a fitar mata da komai a takarda, maki da shirin darasi da duk babin da ta rubuta, a ɗinke mata da zare, ta rubuta shekara a bango ta sa a akwatin nan, a kan littafin babanta. Babi na biyar zuwa na goma sha ɗaya kuma tana kan sake rubuta su, ta kai na takwas.